Kwabo Biyu a Ƙarƙashin Sifirin

Shekarar da tafkin kan tudu ya ƙafe tun kafin Ista, ni nake tuƙa motar Kawu Nabor. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, ta girme ni da 'yan shekaru, ƙofar direba kuma sai an ɗan ɗaga ta sama take rufuwa. Kawu yayan mahaifiyata ne. Tun da babana ya rasu shanunmu suke haɗe da nasa, garke ɗaya, shaida iri biyu a cinya.

Zamanmu a ƙauyen El Táscate haka yake: ruwa yana ƙasa, ciyawa tana sama. A kwari inda gidaje suke akwai rijiya, amma fili ya zama kamar an share shi da tsintsiya. A kan tudu akwai sauran busasshiyar ciyawa da nopal, wani tsiro mai kaurin ganye da muke babbake ƙayarsa shanu su ci, sai dai babu ko ɗigon ruwa. Tsakanin nan da can akwai wata doguwar hanya mai hawa da kwana-kwana, ana ce mata Hawan Jaki. Da shanun suna da ƙarfi da sun sauko sun sha sun koma, to amma a watan Mayu duk wadda ta sauko ba za ta sake hawa ba. Shi ya sa ruwan ne yake zuwa wurinsu, a wani babban tanki mai taya da muke ja a bayan mota.

Injin motar na asali bai iya jan tankin nan a cike. Da sanyi Kawu ya kai shi birnin Parral aka faɗaɗa masa silinda, aka sa masa sabon kamshaf, ya dawo yana gurnani kamar wanda aka ba haƙuri bai haƙura ba. Muka sa masa sabon famfon mai a cikin tankin fetur, ni da Kawu, a inuwar bayan ɗaki. Ɗan guntun tiyon da ya zo tare da famfon bai kai ba, sai Kawu ya yanko wani daga jikin abin da muke yi wa shanu feshin maganin kaska da shi. Baƙi ne, kaurinsu ɗaya, ya shiga daram. A wajenmu ba a zuwa gari sayen abin da akwai mai kama da shi a rataye a bango.

Irin waɗannan injuna ba kafireto gare su ba. In ka cire murfin iska za ka ga maƙogwaro mai baki biyu, da injekta biyu a tsaye a kansa suna fesa mai kamar 'yar lema. Akwai ƙwaƙwalwa a cikin motar da ke gaya musu tsawon buɗewar da za su yi. Ita kuwa ƙwaƙwalwar ba ta san an je Parral ba, abincin ƙaramin inji take auna wa babba. Mutanenmu sun daɗe da samo dabarar wannan. A bayan injektocin akwai wani ɗan kofi mai sifirin a ciki, shi yake tare mai ya matsu kafin ya bar saura ya koma tanki. In sifirin ya ƙara tauri, mai ya ƙara matsi, kowace buɗewa sai ta zubo fiye da da. Yadda ake ƙara masa tauri kuwa, kwabo ake sa masa a ƙarƙashi, tsohon kwabon jan ƙarfe irin wanda ba ya sayen komai yanzu. Kowane gida akwai shi a gwangwani. Ba wanda yake auna komai. A sa kwabo, a ta da inji, a leƙa feshin, a saurara, a ce ya yi.

Kawu ya sa ɗaya, mota ta yi ta hawa lafiya lau har aka shiga Afrilu. Daga nan ta fara tari a kwana ta biyu ta Hawan Jaki. In na taka totur sai ta yi kamar za ta amsa, sai ta fasa, ta yi atishawa ta maƙogwaro. Kawu ya ce yunwa take ji, ya buɗe kofin ya ƙara kwabo na biyu. Ranar da safe ta hau. Kafin mako ya zagayo ta fi da lalacewa. Muka koma ɗaukar rabin tanki, daga baya sulusi. Hanyar da nisa, sawu biyu ake iya yi a yini, sulusi biyu kuma ba ya isar garke. Manya su sha, ƙanana su lashi gindin kwami.

Akwai wani mai sayen shanu daga garin Delicias, Baudelio, da ke zagaya ƙauyuka da tirela a irin wannan shekara. Mutum ne mai fara'a, kullum da lemo mai sanyi a motarsa na rabawa. Ya tsaya a ƙofar Kawu sau da yawa yana tambayar lafiyar iyali. Wata rana muna cin abincin rana Kawu ya gaya wa mahaifiyata cewa ya ce wa mutumin ya zo ran Asabar. In cikakken tanki bai hau tudu ba kafin nan, zai sayar da garken duka tun suna tsaye da ƙafafunsu, gara a sayar da saniya da a sayar da fata.

Mama tana juya tortiya, gurasarmu ta masara, a kan kasko, ba ta waiwayo ba.

"Har da Mora?"

"Har da Mora, Amada."

Mora baƙar saniya ce da babana ya raina da kwalba. Ta tsufa, ba ta da wani amfani sosai. Da la'asar Mama ta naɗe cuku a tsumma ta ce in kai wa Don Chencho.

Don Chencho shi ne bakaniken garinmu, garejinsa yana jikin coci. Shi ya riƙe 'yar Kawu ranar baftisma, don haka kompa suke kiran juna, kuma tun ina yaro ban taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya magana mai daɗi ba. Tun da aka wuce shi aka kai inji Parral Kawu yake bin bayan coci in zai je kanti.

Na same shi yana wanke noti a cikin gwangwanin mai. Ya karɓi cukun, ya sansana, ya ajiye a kan batir.

"Layo, injin Parral ne ya yi mura? Ai da wurin likitocinsa kuka mayar da shi."

Na gaya masa yadda take yi. Ya tambaye ni kwabo nawa ke ciki, na ce biyu. Ya tambayi abin da geji, agogon auna matsin mai, ya nuna, na ce ba mu da geji.

"Kawunka da hanci ya auna ke nan," in ji shi. "To, hancin da girma, ba laifi."

Ya ce zai zo, amma in gaya wa Kawu cukun Amada ne ya kawo shi.

Washegari da hantsi ya zo a kan kekensa, geji a cikin safa, dogon tiyo a wuya. Kawu yana tsaye a jikin mota ya harɗe hannu.

"Kompa, ina kwana? An ce motarka ta zama asusu."

"Gara asusu da garejinka, inda mota ke shiga da mura ta fito da tarin fuka."

"Amada, kin ji yayanki? Ki ba ni kofi kafin in yi zuciya."

Ya sha kofinsa a tsaye, sannan ya sa ni na shiga ƙarƙashin mota. Injunan nan ba a yi musu wurin maƙala geji ba. Sai an kwance matacin mai da ke ƙarƙashin ƙofar direba, a sa wani ɗan bututu mai baki uku, baki ɗaya na geji. Fetur ya zubo mini a hannun riga har gwiwar hannu. Da na gama ya ce in ta da inji. Allura ta tashi ta tsaya a laba goma sha biyu.

Kawu ya ji daɗi. Ya ce ai ko masu ƙera motar sha biyu suka ce, matsi dai lafiya yake, a nemi cutar a wani wuri. Don Chencho ya ce sha biyu na motar da ba a taɓa ba ne. Mai kwabo biyu a ciki ya kamata a ce ta wuce sha shida, to ina sauran suka tafi? Ya ce kuma ko ba wannan ba, mota a tsaye a tsakar gida kamar mutum ne a inuwa, kowa jarumi ne. Inda take kukan can za a je a tambaye ta.

Ya ƙara wa gejin dogon tiyon nan, ya biyo da shi ta gefen bonet, ya manne gejin a jikin gilashin gaba ta waje, fuskarsa tana kallona. Ya ce ba a shigo da fetur inda mutane ke zaune, balle inda kompa ke shan taba. Sannan ya ce a cika tankin ruwa har baki. Kawu bai so ba. Hawan Jaki ba shi da faɗi, in mota ta mutu a tsakiya da kaya a baya ba wurin juyawa. Don Chencho ya zagaya ya samo wani ƙaton dutse, ya shiga ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora shi a cinya. Kawu ya zauna a tsakiya.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya allurar tana nan wajen sha ɗaya. Muka wuce maƙabarta, muka wuce shingen maƙwabtanmu su Ontiveros, hanya ta fara miƙewa sama. Na sa giya ta biyu. Ban saba tuƙi ina kallon abu biyu ba, ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Da na ƙara taka totur sai na ga ta fara sunkuyawa a hankali, kamar mai gyangyaɗi. Tara. A kwana ta farko bakwai. Injin bai ce komai ba tukuna, yana ta ja, amma ni na riga na san abin da ke zuwa, abin da ban taɓa sani ba a duk hawan da na yi. A kwana ta biyu ta faɗi biyar, sannan atishawar ta zo, sau biyu, mota ta yi jijjiga ta mutu.

Na danne birki da ƙafa biyu. Nauyin ruwan ya fara jan mu baya. Don Chencho, duk da tumbinsa, ya dira ya cusa dutsen a bayan taya. Muka tsaya.

Ba yadda za a yi sai an rage kaya. Kawu da kansa ya buɗe famfon tankin, ya tsaya yana kallon ruwan rijiyarmu yana gangarawa a kan hanya, ƙasa tana shanye shi tun bai yi nisa ba. Don Chencho bai yi masa ba'a a nan ba. Da ya rage sulusi muka rufe, mota ta tashi, muka ƙarasa sama a hankali.

Shanun sun san ƙarar injin. Tun kafin mu tsaya sun taru a kwami suna ture juna. Mora ba ta cikinsu. Na hango ta a kwance a gindin wata bishiya, kai a sama, tana kallonmu. Na kai mata bokiti ɗaya.

Kafin mu sauko Don Chencho ya ce in bar injin yana aiki. Ya ɗauki filaya ya matse tiyon da ke mayar da ragowar mai tanki, ya ce mu dubi geji. Allurar ta ɗan motsa, da ƙyar ta ƙara laba ɗaya. Ya ce in famfo lafiyayye ne kuma hanyarsa lafiya, da ya toshe mafitar nan allura sai ta yi tsalle. Tunda ba ta yi ba, man ba ya isowa ne tun daga tushe. Ba sifirin ke da laifi ba, cutar tana cikin tankin fetur.

Kawu ya ce famfon sabo ne dal, a kwalinsa ya zo.

"Wa ya sa shi?"

"Ni."

"To," in ji Don Chencho, ya mayar da filayarsa aljihu.

A wajenmu ba a sauke tankin fetur, bodin baya ake ɗagawa. Da muka koma gida na kira 'ya'yan Ontiveros, muka kwance notuna, muka ɗaga bodin muka jingine a kan ganguna. Don Chencho ya buɗe bakin tankin ya zaro famfon yana ɗiga. Famfon yana ƙyalli. Ɗan guntun tiyon da ke kansa kuwa ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffen hanji. Ya matsa shi da yatsa biyu, sai wani dogon tsagu ya buɗe baki a gefensa.

Ya tambayi inda aka samo shi. Kawu ya nuna bango da haɓa, inda abin feshin kaska yake rataye da guntulallen tiyonsa.

Na ɗauka Don Chencho zai yi dariya har ya zauna, amma bai yi ba. Ya ce wannan robar ta ruwa ce. Ko tiyon fetur na waje ba ya jure zama tsundum a cikin mai, balle wannan. Fetur ya ci ta a hankali har ta tsage, famfo yana turo mai, rabi yana komawa cikin tanki ta tsagun. In mota tana tsaye abin da ya tsira ya ishe ta. In ta kama hawa sai ta nemi abin da babu. Kwabo na biyu kuma ya ƙara wa man wuyar wucewa ta gaba, sai ya ƙara buɗe tsagun ta baya.

"Kana ta matse wuyan tulu, kompa, gindinsa a fashe."

Don Chencho ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani guntun tiyo irin mai jure zama cikin fetur, tsawon ɗan yatsa. Tun daga gida ya taho da shi. Kawu ya dube shi, ya ce ashe ya sani tun farko, ya bari aka zubar da ruwa a hanya. Don Chencho ya ce bai sani ba, zato ya yi, don a kwarin nan ba a kan Kawu farau ba, har tiyon risho ya taɓa cirowa daga tankin wani. Ya ce kuma da bai nuna masa allura tana faɗuwa ba, da wa zai yarda a ɗaga bodi a kan zaton bakaniken da ba na Parral ba? Kawu ya ce wannan kam gaskiya ne. Ban taɓa jin ya faɗa masa haka ba.

Aikin ya kai mu Juma'a da rana. Da muka mayar da komai na ta da inji, allura ta wuce sha biyu, ta wuce sha shida, ta je ta tsaya a sha tara. Salansa ta fara fitar da baƙin hayaƙi, ido yana yaji, kajin Mama suka bar wurin. Na leƙa maƙogwaron, feshin ya daina zama lema, ɗiga yake yi a jikin bango. Kawu ya ce ka ji murya, yanzu ne injin ya ƙoshi, a bar shi haka ya ci tudu. Don Chencho ya ce wannan ba ƙoshi ba ne, ɗura ce. Filogi za su yi baƙi, fetur ya wanke silinda, kafin damina a sake komawa Parral.

Suka ɗan ja. Mama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Kawu ya dube ta, ya dubi gejin.

"Cire ɗaya. Amma ka ba ni abina."

Don Chencho ya kwance kofin a hankali, yana danne shi da tafin hannu kada sifirin ya yi tsalle ya yaga fatar robar da ke kai. Ya ciro kwabo ɗaya, ya goge a wandonsa, ya miƙa masa. Da aka sake tayarwa allura ta tsaya a sha huɗu da ɗan ɗoriya. Hayaƙin ya washe. Ya ce ga inji irin wannan nan ne wurin zamanta, in dai za ta zauna a nan har sama.

Muka cika tankin ruwa har yana tumbatsa. Don Chencho ya sake ɗaukar dutsensa. Muka wuce maƙabarta, muka wuce shinge. Na sa giya ta biyu na taka. Allurar ta ɗan yi rawa ta koma wurinta. A kwana ta farko sha huɗu. A kwana ta biyu, inda hanya take da duhun ruwan da muka zubar, na ji ƙafata tana son ɗagawa don sabo, na hana ta. Sha huɗu. Haka muka tafi har hancin mota ya leƙa kan tudu. A nan Don Chencho ya buɗe ƙofa ya tura dutsen waje, ya ce cinyarsa ta mutu, kuma wannan ma a cikin kuɗin aiki yake. Kawu ya ce ya ci cuku ai.

Kwamin ya cika har ya zuba. Manya suka sha suka ja baya, ƙanana suka samu wuri. Muka tsaya muna kallo har suka fara ɗaga kai ruwa yana zuba daga bakinsu. Na kai wa Mora bokiti biyu, ta shanye, ta yunƙura da ƙafafun baya, ta koma ta kwanta.

Ran Asabar Baudelio ya zo da tirelarsa da lemonsa. Kawu ya ba shi kujera da kofi, ya sayar masa da tsofaffi uku daga cikin nasa don a sami na fetur, ya ce sauran suna nan. Mutumin ya yi murmushi ya ce zai sake biyowa bayan bikin San Juan na ƙarshen Yuni, in ruwa bai sauka ba. Kawu ya ce hanya ta kowa ce.

Mora ta mutu ran Lahadi. Na gaya wa Mama da na dawo daga sawun safe. Ta ce in je da wuƙa a sawun yamma in kawo fatar, kada a bar wa ungulu duka.

Kwabon yana aljihun Kawu tare da ashanarsa, ya ce ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba. Na kai wa Don Chencho gejinsa ya ce in mayar in manne, in kawo masa ranar da aka yi ruwan fari. Yana nan a jikin gilashi, rana ta fara cin lambobinsa. Sawu biyu nake yi kullum, tanki a cike, kuma duk sanda na zo kwana ta biyu sai na dube shi.